Auna gonarka kafin ka zuba mata taki

Manomin tattasai na bakin Komadugu, ko a Cetimari kake, ko Geskeru, ko Boso, ga tambaya: gonarka metir nawa ce? Wataƙila ka ce fangali kaza ce, ko ka ce wuni biyu inji ke yi yana ba ta ruwa. Tsakaninka da maƙwabci wannan amsa ta isa. Amma takardar taki da kwalbar maganin ƙwari ba su san fangali ba. Da metir da litir da kilo suke magana.

Waɗannan awo uku ƴan gida ɗaya ne. A Faransa aka kafa su da doka a shekarar 1795, domin a lokacin kowane gari yana da nasa mudu. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Paris cewa za su riƙe awo iri ɗaya. Lissafinsu goma-goma yake tafiya, kuma suna haɗe da juna: litir guda na ruwa nauyinsa kilo guda ne, a Difa ko a Yamai.

To, mu koma gona. Hekta fili ne mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100, wato murabba'in metir dubu 10. A nan sai ka yi hattara. Da yawa cikinmu muna ce wa hekta "eka". Amma ƙetaren ruwa, wajen Damasak, akwai eka ta awon Ingila, wadda ba ta kai rabin hekta ba: sai an haɗa biyu da rabi ake samun hekta guda. Idan wani ya ba ka shawarar buhu kaza a eka, tambaye shi wace eka yake nufi. In ba ka tambaya ba, ko dai ka ƙone shukarka, ko ka bar ta da yunwa, alhali kuwa takin nan sau da yawa bashi ne.

Awon gonar ba wuya, tunda ka iya lissafi. Nemi igiya, ka je wurin tela ko malamin gona a auna maka metir 10, ka ƙulle bakinta biyu. Ja ta a tsawo, ja ta a faɗi. A ce ka sami igiya 5 a tsawo, 4 a faɗi: metir 50 sau metir 40, dubu 2 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na hekta. In an ce maka kilo 100 a hekta, kai kilo 20 ne naka. Buhun taki kilo 50 ne, saboda haka ko rabinsa ba za ka zuba ba.

Saura tiya. Ni ba na raina ta, da ita muke ciniki, kuma ba za ta bar kasuwa ba. Sai dai ciki take aunawa, ba nauyi ba. Tiyar gero tana kai wajen kilo 2 da rabi, ta busasshen tattasai kuwa ba ta ko kusa. Ga mai tozo, ga shafaffiya. Kai tiyarka wurin mai sikeli sau ɗaya, ka cika ta da takin, ka shafe bakinta, ka rubuta nauyin a littafinka. Farin taki daban, mai 15-15-15 daban, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Maganin ƙwari ya fi duka haɗari, domin da mililitir ake auna shi, kuma mililitir dubu ne ke cika litir guda. Murfin kwalba ba awo ba ne, wani babba wani ƙarami. Sayi sirinji mai lamba, ka ajiye shi don wannan aiki kaɗai, nesa da yara da kwanon abinci. Duba kuma jikin famfon feshinka: wani litir 15 yake ɗauka, wani 16, wani 20.