GAJIYAR DA BARCI BA YA MAGANINTA

'Yan'uwana mata, gajiya iri biyu ce. Akwai wadda mace kan yi in ta wuni tana surfe da daka da wanki. Wannan da ta kwanta ta yi barci, gari na wayewa sai ta tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya maganinta. Mutum ya kwana ya tashi kamar an yi masa duka, kai na sarawa, wuya ya ƙage, abinci ba ya masa daɗi, yaro ya yi ɗan ƙaramin laifi a hau shi da faɗa. Wannan ta biyun damuwar aiki ke kawo ta, a kanta kuwa za mu yi magana a makon nan, musamman da ku matan Mairuwa da sauran ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

Kada wata ta ce ai wannan ciwon ma'aikatan ofis ne. Gona wurin aiki ce, haka kasuwa, haka aji, haka ɗakin shan magani, har da gindin murhunki. Mairuwa tana bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ga madatsar ruwa, ga ƙasar masara da dawa da auduga. Da can wahalar manomi zafin rana ce da zullumin ruwan sama. Da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki sai aka ƙara masa wata, watau hannunsa na riƙe da fartanya, kunnensa na wajen daji, ya ji ƙarar babur gabansa ya faɗi.

Ba wadda ta manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana 6, amma ki tuna da malaman da tilas suka ci gaba da shiga aji bayan wannan. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Maigida ya tafi kasuwa, uwargida ba ta da hanyar jin labarinsa sai ta gan shi a ƙofar gida. Sa'an nan a 2023 aka janye tallafin man fetur, kaya suka yi tsada, mai suyar ƙosai da mai ƙuli-ƙuli suka koma lissafi dare da rana. Ko an sami sauƙi, tsoron da ya daɗe a jiki ba ya fita rana ɗaya.

To, me wannan ke yi wa jiki? Likitoci sun ce a bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai zuba wasu sinadarai cikin jini in mutum ya tsorata, ana kiransu adirenalin da kotisol. Su ke sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri, jini ya hau, sukari ya ƙaru cikin jini, ciki ya dakatar da narkar da abinci, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko kare kansa. Wannan abu ne mai amfani in maciji aka gani, don da haɗari ya wuce jiki kan koma daidai. Amma in damuwa ta zama ta kullum, jiki ba ya samun komawa. Kamar tukunya ce da aka bari bisa wuta ba a saukewa, lalle wata rana sai ta ƙone.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da wani bincike. Sun tarar wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya kan ƙarar masa da kashi 35 cikin 100 bisa na mai yin awa 35 zuwa 40. Sun kuma ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 saboda doguwar awar aiki. Yanzu ke uwargida, ɗauki alƙalami ki lissafa naki, tun daga hura wutar asuba har wanke-wanken dare, kwana 7 ba hutu. Awa nawa kika samu?

Abu na farko shi ne ki san alamun, gare ki da maigidanki. Jiki magayi ne. Rashin barci, ciwon kan da ba ya tafiya, faɗuwar gaba, yawan mantuwa, saurin fushi, da ƙin shiga mutane, duk saƙo ne. In maigida ya dawo daga gona ko kasuwa fuska a murtuke, kada ki tare shi tun daga zaure da zancen cefane da kuɗin makaranta. Ba shi ruwa, ya ci abinci, ya huce tukuna. Ke ma kina da hakkin a yi miki haka, sai ki zaɓi lokacin da ya ke cikin natsuwa ki gaya masa nauyin da ke kanki.

Na biyu, a raba aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yara maza ma su ɗebo ruwa su yi shara, ba sai mata kaɗai ba. In kina da abokiyar zama ko maƙwabciyar kirki, ku riƙa taimakon juna ranar sussuka da ranar suya. Mai sana'a ta ware rana ɗaya a mako ta sauke kasko, kada kuma ta ɗauki zubin adashin da ya fi ƙarfin ribarta, don bashi shi ne babban mai hana barci.

Na uku, barci. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7. Bayan magariba a rage goro da shayi mai ƙarfi, a ajiye waya, a daina kwanciya da hotunan tashin hankali. In gabanki ya faɗi, zauna ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi sannu sannu, kamar sau goma. Za ki ji bugun zuciyar ya lafa.

Na huɗu, awon jini. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, awo kaɗai ke tona shi. In an auna an ga ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake awo, a bi maganar likita. Gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Ku guji ƙwayoyin da a ke cewa suna kashe gajiya, irin su taramol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana a 2018. Ɓoye gajiyar su ke yi, sa'an nan su kama mutum.

Ku kuma 'yan makaranta, aikinku karatu ne, jarrabawa kuwa tana da nata zullumin. Ku tsara lokaci, ku yi karatu kaɗan kaɗan kullum, ku bar kwana zaune daren jarrabawa, don ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe abu. In wani abu na tsorata ki, gaya wa mahaifiyarki ko malamar da kika amince da ita.

In kuwa ƙuncin rai ya wuce mako 2, mace ta daina jin daɗin kome, ko ta fara tunanin cutar da kanta, to, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Wannan ciwo ne mai magani, ba abin kunya ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, domin kare mutuncin masu irin wannan ciwo. Akwai manyan asibitocinsa a Barnawa cikin Kaduna da Kware kusa da Sakkwato, amma a fara da asibitin da ya fi kusa.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba mu ita, ya kawo mana zaman lafiya a gonakinmu da gidajenmu, amin.