Lissafin Yiwuwa a Wasannin Kwaikwayon Yaƙi: Gwaji da Yaƙe-yaƙen Gobir, 1804-1808

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake yanke hukuncin karo a wasannin da ake kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi da ƙananan mutum-mutumi a kan tebur. An ɗora lissafin a kan karon barade da 'yan baka a yaƙe-yaƙen Gobir, domin a ga abin da zai iya bayyanawa da inda ya gaza.

1.0 Gabatarwa

Wasan yaƙi a kan tebur ya samu gindin zama a 1824, lokacin da Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya tsarin Kriegsspiel domin horar da hafsoshi. Abin da ya bambanta shi da dara shi ne ƙwayar lido mai fuska shida. A dara, gwaninta ce kaɗai ke yanke hukunci. A fagen daga kuwa, doki kan yi tuntuɓe, kibiya kan kauce, saƙo kan makara. Ƙwayar ce ke wakiltar irin waɗannan abubuwa da ba su hannun jagoran yaƙi.

Ƙasar Sabon Birni da Isa ta dace da wannan gwaji. A nan kufan Alƙalawa yake, hedikwatar Gobir da ta faɗi a 1808, kuma Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri da Abdullahi ɗan Fodiyo a Tazyinul Waraƙati sun bar bayanin yaƙe-yaƙen.

2.0 Yadda Ake Yanke Hukunci

Tsarin da za a bi ya yi kama da na De Bellis Antiquitatis, wanda ya fito a 1990. Kowane ɓangare yana da makin ƙarfi. Sai kowa ya jefa ƙwaya ɗaya, ya haɗa abin da ya fito da makinsa. Wanda jimillarsa ta gaza sai ya ja da baya. Idan kuwa abokin karawa ya ninka jimillarsa, an tarwatsa shi.

Ƙwaya biyu na iya fitowa ta hanyoyi 36. Idan maki daidai ne, kowane ɓangare yana rinjaye a 15, a yi kunnen doki a 6, wato kusan kashi 42 cikin ɗari ga kowa. Fifikon maki ɗaya yana mayar da 15 ta zama 21 (kashi 58), na maki biyu kuma 26 (kashi 72). Ke nan ko mai fifikon maki biyu yana shan kaye a hanyoyi 6 cikin 36.

3.0 Barade da 'Yan Baka: Tabkin Kwatto

A Yunin 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa, da 'yan lifida da Abzinawa, ta kara da Jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi a Tabkin Kwatto. Jama'a ba su da dawaki sai kaɗan, ƙarfinsu a baka yake, kuma su suka yi nasara.

A ƙaddara, don misali kawai, an ba barade maki 4, 'yan baka maki 2. A fili mai tauri, barade za su ninka 'yan baka a hanyoyi 9 cikin 36, wato kashi 25. 'Yan baka kuwa ba su da hanya ko ɗaya ta tarwatsa barade, domin ƙololuwar jimillarsu 8 ce, alhali suna buƙatar aƙalla 10. Idan aka rage wa barade maki biyu saboda ƙasa mai hana sukuwa, sai 9 ta koma 4, kashi 11, su ma baraden su shiga haɗarin tarwatsewa daidai da haka.

Tazarar tana ƙara faɗi idan karon ya maimaitu. Yiwuwar 'yan baka su tsira daga hari uku a jere kashi 42 ce a fili mai tauri, amma kashi 70 a mummunan wuri. Lissafin ya nuna dalilin da ya sa zaɓen fage ke iya rinjayar yawan dawaki.

4.0 Iyakar Lissafin

Watanni kaɗan bayan Kwatto, a ƙarshen 1804, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda mahaddata Alƙur'ani da dama suka rasu. Wanda ya tsara makinsa a kan Kwatto kaɗai, har 'yan baka su riƙa cin nasara kullum, ba zai iya fitar da Tsuntsuwa ba. Yaƙi ɗaya kamar jifa ɗaya ne: fitowar shida ba ta nuna cewa duk fuskokin ƙwayar shida ne ba.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Idan aka ce kowane hari a kan ganuwa yana da yiwuwar nasara ɗaya cikin uku, lissafi zai ba da kusan kashi 80 cikin hari huɗu. Wannan yana ɗauka cewa kowane hari cin gashin kansa yake yi. Alƙalawa ba ta faɗi haka ba. Ta tsallake hare-haren farko, amma kafin 1808 Kabi da Katsina da Kano sun fita daga hannun sarakunan da za su iya tallafa mata. Makin kansa ne ya sauya tsakanin hari da hari.

5.0 Kammalawa

Amfanin wannan lissafi ga mai nazarin tarihin Gobir shi ne yana tilasta masa ya faɗi, da adadi, nawa yake ganin lifidi ko fage ko ganuwa suka taimaka, sannan ya gwada ko adadin zai ba da damar Kwatto da Tsuntsuwa duka biyun. Tsarin da ya fitar da ɗaya ya hana ɗayar bai fahimci yaƙin ba tukuna.