Lauya tsakanin kuɗin aiki da tsoron wuta

Kafin ka sake rubuta "lauyoyi maƙaryata ne" a Facebook, leƙa kotun shari'a a Tambuwal ko Kebbe. Magidanci ya saki matarsa, ya ɗauko lauya ya ƙwato masa yara. Lauyan kuwa ya san hukuncin Malikiyya: riƙon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta sake aure ba. Ya kuma san hadisin Ummu Salama, wanda ya ci haƙƙin wani da iya baki, wuta aka yanka masa. Ga shi kuɗin haya na jiransa. Wani yakan ja magidancin gefe ya ce, "Alhaji, a yi sulhu." Ranar Alhaji kan canza lauya.