"Gajimare" ko "Rumbu"? Masaukin Shafukan Intanet da Tasirinsa ga Muhalli

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da adana shafukan intanet ke jawo wa muhalli, da kuma rawar da manazarta harshe za su taka wajen rage shi. Za a fara da kalmar da aka laƙaba wa abin, domin a nan ne ruɗanin ya samo asali.

2.0 Kalma da Abin da Take Ɓoyewa

Masu fassara sun saba cewa bayanai suna cikin "gajimare". A ganina wannan aron ma'ana bai dace ba, domin a tunanin Bahaushe gajimare ba shi da nauyi, ba shi da mai shi. Alhali kuwa kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, a wani gini da ake sanyayawa kullum. Kalmar "rumbu" ta fi kusa da gaskiya, tunda rumbu gina shi ake yi, a kuma yi ta hidimarsa.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya. A ƙasashe masu sanyi hidimar da sauƙi. Alal misali, rumbun da Facebook ya buɗe a Lulea ta ƙasar Suwidin a 2013 ya dogara ne da iskar arewa da wutar madatsun ruwa. Namu kuwa, irin su Rack Centre da ke Ikko, ga zafi ga ƙarancin wuta, sai an tanadi janareto. Kowace lita ta man dizal tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon.

A ɗauki ɗalibi a unguwar Madaki, nan Gombe inda aiki ya kawo ni. In ya buɗe shafi a wayarsa, saƙon zai bi ta turken sadarwa, wanda sau da yawa janareto ke riƙe da shi, ya gangara Ikko. Idan masaukin shafin yana Turai, sai ya sake ratsa wayar ƙarƙashin teku, ya dawo.

3.0 Hanyoyin Ragewa

Zaɓen masauki mai amfani da hasken rana ko wutar ruwa yana taimakawa, kuma jihar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan, tunda tashar Dadin Kowa mai megawat 40 da ruwan Gongola take aiki. Haka kuma cibiyar musayar intanet ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, tana taƙaita doguwar tafiyar da aka ambata.

Sai dai abin da ya fi shafar mu shi ne nauyin kayan da muke ɗorawa. Rubutun littafi mai shafi 300 bai cika megabayit 1 ba, amma hoto guda na waya yakan ninka haka. Duk da haka, mun saba ɗaukar hoton tsofaffin littattafai shafi-shafi mu ɗora. A da akwai uzuri, wato wahalar buga ɓ da ɗ da ƙ, amma tsarin Unicode ya daɗe da kawar da shi. Matanin da aka buga da haruffa shi ne mai nazarin ginin kalma zai iya bincikawa cikin daƙiƙa, shi ne kuma ɗalibin Madaki zai iya saukewa ba tare da datarsa ta ƙare ba. Rubuce-rubucen ajami ne kawai zan keɓe, domin a cikinsu zanen hannun marubuci shi kansa hujja ne.