Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Ma'anar Lambar Da Ke Jikin Bindigar Farauta?

Wani mai sauraronmu, manomi da ke taɓa farauta da rani, ya aiko da takarda yana cewa an rubuta 12 a jikin bindigarsa mai baki ɗaya, ta maƙwabcinsa kuwa 20, amma ga shi tasa ta fi faɗin baki. Yana so ya san dalili, da kuma yadda ake auna cikin bindiga har a gane harsashin da ya dace da ita.

To malam, mun gode da wannan tambaya. Lambar nan da ka gani awo ce, kuma Turawan Ingila sun ɗauko lissafinta ne daga nauyin dalma. A ɗauki laba ɗaya ta dalma, wato giram 454, a raba ta gida 12 daidai wa daida, a mulmula kowane kashi ya zama ƙwallo. Bindigar da faɗin cikinta ya yi daidai da ƙwallo ɗaya ita ce lamba 12. In aka raba labar gida 20, ka san ƙwallayen za su ƙanƙance. Kamar mai fura ce: in ta cura dawo guda gida 20, curin ba zai kai na gida 12 girma ba. Saboda haka lamba 12 faɗin cikinta milimita 18 da rabi ne, lamba 20 kuwa milimita 15 da ɗigo 6. Ka ji dalilin da ya sa taka ta fi ta maƙwabcinka.

Wannan lissafi na bindiga mai sulɓin ciki ne, mai watsa ƙwayoyin dalma. Bindiga mai harba harsashi guda zuwa nesa dabam take. In ka leƙa cikin bututunta za ka ga tsage-tsage a murɗe, kamar kunya da kwari a gona. Su ne ke juya harsashi ya tafi a miƙe. Ke nan awonta biyu ne: daga kunya zuwa kunya, da kuma daga kwari zuwa kwari, wanda ya ɗan fi faɗi. Misali, bindigar Lee-Enfield da sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama ana kiranta .303, wato kashi 303 cikin dubu na inci, awon kunya ke nan, alhali kaurin harsashinta wajen kashi 311 ne. Amma .308 Winchester, da aka fito da ita a Amurka a 1952, da awon kwari aka raɗa mata suna. Ashe suna kaɗai ba ya isa mutum ya san abin da ke cikin bututu.

A Amurka doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson harsashi don amfanin kansa, kuma masu wannan sha'awa ba sa yarda da awon ido, musamman ga tsohuwar bindiga da cikinta ya cinye. Sukan sami ɗan curin dalma mai laushi, irin wadda masunta ke ɗaura wa koma, su shafa mai, su tura shi ta cikin bututun bindigar da ba kome a cikinta har ya fita ta ɗaya gefen. Dalmar takan fito da zanen kunya da kwarin a jikinta, sai a auna ta da ma'aunin nan na makanikai mai nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci. Silin gashin kanka ma ya kai wajen kashi uku. To ina ido zai iya wannan?

Me ya kawo wannan taka-tsantsan? In harsashi ya yi wa bututu kaɗan, iskar albarushi takan zurare ta gefe, harbi ya kauce. In ya yi yawa kuwa, ƙarfin albarushin ya rasa hanya, sai ƙarfe ya tsage a hannun mai harbi, a yi asarar yatsu ko ido, wani lokaci har rai.

Ga abin da ya fi shafarka kai da maƙwabcinka. Kada ku kuskura ku haɗa harsasanku a jaka ɗaya. Harsashin lamba 20 in ya shiga bindiga lamba 12, yakan zarce ciki ya maƙale inda ido ba ya gani. Mutum ya ɗauka bai ɗura ba, ya sa na lamba 12 a bayansa, ya ja kunama, bindiga ta fashe. Saboda wannan haɗari ne kamfanonin Amurka ke yi wa kwanson lamba 20 launin rawaya. Duk da haka, ka karanta lambar da ke gindin kwanso, kada ka dogara da launi.

Sai kuma tsawo. Ko a lamba 12 ɗin akwai mazaunin harsashi mai milimita 65, da mai 70, da mai 76. Mai 76 yana iya shiga bindiga mai 70 ta rufu lafiya lau, amma in ya tashi ba shi da wurin buɗewa, sai matsi ya ƙaru. Yawanci ana buga wannan awo a jikin bututun, kusa da hatimin gidan gwaji. Irin wannan gida da ke Birmingham a Ingila tun 1813 yake gwada ƙarfin bindigogi kafin a sayar. In tsatsa ta cinye rubutun, kada ka yi kintace, ka kai wa wanda hukuma ta ba izinin gyara. Kuma kullum kafin ka fita daji, ka karya bindigar ka leƙa ta wajen haske, don laka ko gidan zanzaro ma sun isa su toshe ta.

Daga ƙarshe, ka tuna dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta ce sai da lasisi ake riƙe bindiga da harsashi, kuma ba a ƙera su ko a gyara su ba da izini ba. Abin da aka yarda da shi a Amurka, a nan yana iya kai mutum gaban alƙali. Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya kiyaye, ya ba mu damina mai albarka.