Kaya Sun Fi Ƙarfin Jaki: Yadda Masana Ke Shigar da Ƙwayoyin Gado Cikin Jiki

Akwai cututtuka da dama waɗanda asalinsu shi ne lalacewar ƙwayar gado guda ɗaya tak a jikin mutum. Maganin da masana kimiyya suka hanga shi ne a kai lafiyayyar ƙwaya inda ta lalace. To, amma wa zai ɗauki kayan? Sai suka ɗauko bairas, suka cire abin da ke cikinsa, suka cusa ƙwayar gadon, domin shi bairas gwani ne wajen kutsawa cikin tantanin jiki.

Wanda aka fi amincewa da shi shi ne AAV, saboda ba a san shi da haddasa wata cuta ga mutane ba. Illarsa ita ce ƙanƙanta. Idan aka ɗauki ƙwayar gado tamkar rubutu, AAV ba ya iya ɗaukar abin da ya wuce haruffa 4,700. Ita kuwa ƙwayar distirofin, wadda lalacewarta ke kawo ciwon Dushen mai shanye naman jikin yara maza, saƙonta ya zarce haruffa 11,000.

Dabara ta farko ita ce a rage kaya. A shekarar 1990 masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila suka ba da labarin wani dattijo mai shekara 61 wanda kusan rabin saƙon distirofin ɗinsa babu shi, amma duk da haka yana tafiya da sanda. Wannan ya nuna cewa ba dukan ƙwayar ce tilas ba. Daga nan aka yi ta datse ta har aka sami guntuwa wadda za ta shiga cikin AAV. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da maganin Elevidys, wanda aka gina bisa wannan dabara. Sai dai guntuwar ba ta yin cikakken aikin ta asali, kuma ana bukatar bairas mai ɗimbin yawa. A 2025 samari biyu suka rasu saboda lalacewar hanta bayan an yi musu wannan magani.

Dabara ta biyu ita ce a raba kayan gida biyu, kamar yadda fatake kan yi idan mangala ɗaya ba ta isa ba. Ana ɗora rabi a kan bairas ɗaya, rabi a kan wani, sa'an nan su haɗe bayan sun shiga tantani. An gwada wannan ga ƙwayar otofalin, mai haruffa wajen 6,000, wadda rashinta kan sa a haifi yaro kurma. A watan Janairu na 2024 likitoci a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka bayyana cewa cikin yara 6 da aka yi wa allura a kunne, 5 sun soma ji.

Sharaɗin wannan dabara shi ne rabin biyu su sauka a tantani guda, in ba haka ba aikin ya tashi a banza. Shi ya sa ta fi dacewa da ƙaramin wuri rufaffe kamar kunnen ciki, inda allura kaɗan kan wadatar. Naman jiki kuwa ya mamaye mutum daga kai har ƙafa, don haka iyayen masu ciwon Dushen suna da sauran jira.