Raba Tsaba da Ƙaiƙayi: Yadda Masana Ke Tace Hotunan Namun Daji

A da, babbar wahalar mai nazarin namun daji ita ce samun hoton dabba. A yau kuwa, yawan hotunan ne ya zama kaya. Abin da ya faru a gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya ya isa misali.

A shekarar 2010, masu bincike daga Jami'ar Minesota ta Amurka, ciki har da Alexandra Swanson da Craig Packer, suka fara girke kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, har guda 225, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,125. Kowace kyamara tana da na'urar jin ɗumi da motsi. Da zarar zaki ko kura ta gifta, sai ta ɗauki hoto. Sai dai kuma ciyawar da rana ta gasa, iska na kaɗa ta, ita ma takan ruɗi na'urar. Zuwa shekarar 2013, an tara rukunin hotuna miliyan 1.2, amma 322,653 ne kawai ke ɗauke da dabba. Wato wajen kashi uku cikin huɗu ƙaiƙayi ne.

To, wane ne zai sheƙe wannan tuli? Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka a ƙarshen 2012 aka buɗe shirin Snapshot Serengeti a intanet, inda 'yan sa-kai fiye da 28,000 suka yi rajista. Aka kafa ƙa'ida: ba a yanke hukunci da idon mutum guda. Idan mutane biyar na farko duk suka ce babu komai a hoto, sai a ware shi. Idan kuwa akwai dabba, sai mutane goma sun yi ittifaƙi a kan irinta. Da aka gwada sakamakon da na ƙwararru, sai aka tarar sun dace a kashi 96.6 cikin 100.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Mai yiwuwa ne wutsiyar damisa kaɗai ta fito a gefen hoto. Mai gaggawa zai jefar da shi, da haka sai a rubuta cewa babu damisa a wurin, alhali tana nan. Hatta hoton da babu dabba yana da amfani, domin shaida ce cewa kyamarar tana aiki a ranar.

A 2018, wasu masanan suka horar da kwamfuta da hotuna miliyan 3.2 na shirin. Ta iya tantance kashi 99.3 cikin 100 daidai da yadda 'yan sa-kai suka yi, ta bar wa mutane masu wuyar ganewa. Amma fa da aikin mutanen ta koya.

Ɗalibin da ya dawo daga aikin fili da ɗaruruwan hotunan tsirrai ko ƙwari yana iya bin wannan tsari. Ya fara da adana kwafin dukkan hotunan a wuri biyu, ya kasa su bisa rana da wurin ɗauka. Daga nan ya ware marasa komai da masu dishi-dishi, ya zaɓi ɗaya daga cikin masu kama da juna. Wanda ya shige masa duhu, ya nuna wa malami ko abokin karatu kafin ya goge, domin dabbar da ta wuce ba ta dawowa a sake ɗaukarta.